Muhawara ko Ƙwarangwal: Ta Ina Za a Fara Koya wa 'Yan Aji Biyar Rubutun Kare Ra'ayi?

Wata malama da aka turo mana bana, ba ta daɗe da kammala NCE ba, ta iske ni a ofishin malamai rungume da littattafan 'yan aji biyar. Ta ce, "Malam, don Allah duba min nan. Insha'i na ba su a kan ko makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo. Yara saba'in, amma sai ka rantse mutum ɗaya ne ya rubuta." Na zaro guda biyar na buɗe. Da gaskiyarta. Kowa ya ce ta kwana ta fi "domin tana da kyau", kuma tana da kyau ne "domin ana karatu sosai". A cikinsu babu wanda ya taɓa kwana a makaranta ko dare ɗaya.

Abin da take so ta sani shi ne ta ina za ta ɓullo wa lamarin. Ta shirya musu muhawara irin wadda aka yi mana muna yara, ko kuwa ta ba su tsarin nan na cike gurbi da ta gani a wayarta, wanda nake kira ƙwarangwal? Na koyar da duka biyun, kowanne ya taɓa fitar da ni kunya, kowanne kuma ya taɓa ba ni kunya, shi ya sa ban amsa mata a tsaye ba.

Kafin a zaɓi hanya sai an san inda za a. Idan yaro ya rubuta cewa tuwon shinkafa ya fi na masara daɗi, ra'ayinsa ne, ba mai ƙaryata shi. Idan kuwa ya ce bai kamata 'yan mata kaɗai su riƙa share aji ba, ya ɗauko magana mai neman hujja, kuma akwai wanda zai tashi ya ce bai yarda ba. A Amurka, manhajar Common Core da jihohi da yawa suka ɗauka tun 2010 ta raba abin da shekaru: har zuwa aji biyar yaro ya faɗi ra'ayinsa ya kawo dalilai, a aji shida ya fara kafa hujja da shaida, a aji bakwai kuma a buƙaci ya ambaci abin da abokin hamayya zai ce. Mu a nan ba mu cika yin wannan rabon ba. Jarrabawar shiga makarantun sakandare na tarayya da NECO ke shiryawa galibinta zaɓin amsa ce, don haka a aji shida ana ture insha'i gefe a duƙufa kan tambayoyin shekarun baya. Sai yaro ya kai gaban WAEC, an ce ya rubuta kalmomi kusan 450 yana kare matsayi ɗaya, sannan a fara neman wanda ya yi sake. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai hanya ta uku da ba zan ɓata mata lokaci ba, ko da yake ita ce ta fi yawa a azuzuwanmu: malam ya rubuta insha'i sukutum a allo, yara su kwafa, su haddace. Wannan darasin gyaran hannu ne.

Mu fara da muhawara, tunda ita muka gada. Kowa ya san siffarta. A ranar Juma'a ko ranar taron ƙungiyoyi a fito da tebur, a zaunar da alƙalai, yara uku nan uku can. Likita ya fi manomi amfani, ko malami ya fi soja. Yaro ya miƙe ya gaida shugaban zama, da alƙalai masu adalci, da mai kula da lokaci, da abokan karawa, da 'yan kallo, kafin ya gama gaisuwa rabin lokacinsa ya tafi. Abin da ya biyo baya kuma yayansa ne ko malamin Turanci ya rubuta masa, shi nasa hadda da kaɗa hannu. A yi tafi, a ba wanda ya fi murya maki. Sauran yara sittin da huɗu sun sha kallo. Ranar Litinin ka ce kowa ya rubuta sakin layi ɗaya a kan maudu'in, ka ga holoƙo: an yi iska, an yi ƙura, babu ɗigon ruwa. Idan wannan ake nufi da muhawara, to ba ta koyar da rubutu, kuma ban ga dalilin da malami mai minti 35 zai zuba lokacinsa a ciki ba.

Amma akwai wata muhawarar, ƙarama, marar tebur marar alƙali. Ita nake nufi duk inda na yabi muhawara a nan.

Wata shekara a ajina, rigimar shara ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Na ce to, duk wanda yake ganin maza ma su riƙa shara ya koma wajen taga, wanda bai yarda ba ya koma wajen ƙofa. Aji ya dare biyu, kusan maza gefe mata gefe, ban da wasu 'yan tsiraru da suka tsaya tsakiya suna rarraba ido. Wani yaro daga wajen ƙofa ya ce, "Malam, ai shara aikin mata ne." Na ce, wa ya faɗa? Ya ce, "Ai kowa ya sani." Sai wata yarinya da ban taɓa jin muryarta sama da amsa kiran suna ba ta ɗaga hannu. "Malam, a masallacin unguwarmu ladan ne da samari suke shara. Su mata ne?" Aji ya kaure. Ina tsammanin magana ta ƙare ke nan, ashe da saura. Wani ya ce, "Malam, to ai mu ne muke ɗebo ruwa, mu muke ɗaukar benci in za a yi taro. In za mu yi shara, su ma su ɗauki benci." Biyu daga cikin 'yan tsakiya suka matsa wajen ƙofa.

Dubi abin da ya faru cikin minti goma. An yi iƙirari, an ƙalubalance shi da misalin da kowa ya gani da idonsa, an kawo martani mai ma'ana, har wasu sun sauya matsayi saboda abin da suka ji. Wannan shi ne cikin rubutun hujja gaba ɗayansa, kuma ban koya musu ko ɗaya ba, da abinsu suka zo. Yaron da yake cinikin kayan miya, yake sasanta rigimar ƙwallo a layi, yake jin malamin Islamiyya yana tambayar "mene ne dalili?", ba baƙon hujja ba ne. Ƙarfin muhawara ke nan: tana ba yaro abin faɗa, kuma tana sa masa mutum a gaba. Daga ranar, idan ya zauna rubutu ya san akwai wata a wajen taga da za ta ce "su mata ne?"

Rauninta kuma ba ɓoyayye ba ne. Na farko, magana iska ce. Yarinyar da ta kayar da aji da baki, da na karɓi littafinta, layi biyu ta rubuta, babu ladan babu masallaci. Da na tambaye ta, sai ta ce ai ta riga ta faɗa. Na biyu, ko a wannan ƙaramar siffar, masu baki ne ke cinye fili. A ajin da ke haɗe maza da mata, akwai yaran da kunya ba za ta bar su su ja da kowa a bainar jama'a ba, kuma ba laifinsu ba ne, tarbiyyar da aka yi musu ke nan. Sannan ga hayaniya. Idan tsakaninka da ajin maƙwabta bango ne da bai kai rufi ba, sai ka shirya ba da haƙuri.

Akwai ma abin da ban hango ba sai da ya same ni. Wani uba ya zo har makaranta, ransa a ɗan ɓace. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, me kuke koya wa yaran nan ne? Jiya na aiki yaron nan, ya tsaya yana ce min wai in ba shi dalili." Na danne dariya na ba shi haƙuri, domin yana da gaskiya. A wurinmu yaro mai gardama ba abin yabo ba ne, kuma ɗan shekara goma bai san iyakar da ke tsakanin musu da muhawara ba sai an shata masa. Tun daga nan nake buɗe darasin da sharaɗi: wannan abu tsakanin sa'o'i ake yin sa, a kan maganar da aka ajiye a tsakiya, kuma ra'ayi ake kayarwa, ba mai ra'ayin ba. Maudu'i ma ba na fita harabar makaranta. Addini, siyasa da sha'anin cikin gida ba na aji biyar ba ne.

Sai tsarin cike gurbi, wanda nake kira ƙwarangwal. Malaman Amurka suna da wani da suke yi wa laƙabi da OREO, sunan biskit ɗin nan mai fari a tsakiya, domin haruffan sun yi daidai da matakai huɗu a Turanci: ra'ayi, dalili, misali, sai a sake rufewa da ra'ayin. Da Hausa abin da nake rubutawa a allo shi ne farkon jimloli huɗu, kowace da gurbi a gabanta: "A ganina…", "Dalilina shi ne…", "Alal misali…", "Saboda haka…". Yaro ya kwafa ya cike.

Kada a raina shi. Yaron da farar takarda ke firgita shi, wanda zai yi minti ashirin yana tauna murfin biro, da ƙwarangwal yakan rubuta jimla huɗu masu bin juna, watakila karo na farko a rayuwarsa. Mai kunya ma ta samu inda za ta yi magana ba tare da ido saba'in a kanta ba. Yana kuma koyar da ƙananan kalmomin da su ne gaɓoɓin hujja, irin su domin, saboda haka, sai dai, duk da haka, waɗanda yaro ke amfani da su a baki amma ba ya tuna su a rubuce. Ga malami kuwa, sauƙin ba kaɗan ba ne. Littafi saba'in, in kowanne ya ci minti uku, awa uku da rabi ke nan a kan insha'i ɗaya, ga lissafi ga sauran darussa suna jira. Da ƙwarangwal idonka ya san inda zai sauka, minti ɗaya ya isa ka ga ko akwai dalili ko babu. Duk wanda ya ce wannan ba abin dubawa ba ne bai taɓa kai littattafai gida a bayan babur ba.

Matsalarsa ita ce ƙwarangwal ba ya tambayar abin da aka zuba masa. Ga irin abin da nake samu idan na fara da shi tun ranar farko: "A ganina motsa jiki yana da amfani. Dalilina shi ne yana da muhimmanci. Alal misali yana taimakawa sosai. Saboda haka motsa jiki yana da amfani." Ko wane gurbi ya cika, babu kuskuren rubutu, kuma ba a ce komai ba. In ka ce a kawo dalilai uku, sai a kawo maka dalili ɗaya sanye da riga uku. Abin da ya fi damuna shi ne yaron yana ganin ya yi daidai, tunda ya bi abin da aka ce, kai ma jan bironka ya rasa inda zai kama. An gudu daga hadda an faɗa cike gurbi, gudun gara an tadda zago.

Gurbin misali ma yana da nasa tarkon, wanda na Hausa ne zalla. Yaranmu da zarar sun ji "alal misali" sai su jefa karin magana. Karin magana gishiri ne, amma ba shaida ba ce, kuma hanyar da na samu ta nuna musu haka ita ce in rubuta biyu a allo: "Sauri ya haifi nawa" da "Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe". In ce to, wanne ne gaskiya? Su yi ta ja, har wani ya gano cewa ya danganta da abin da ake magana a kai. Daga nan sai in ce misali shi ne abin da ka gani, ko ka ƙirga, ko ka tambayi wanda ya sani.

Sannan ƙwarangwal mai mataki huɗu ba shi da gurbin abokin hamayya. Yaro yana magana shi kaɗai a ɗaki. Kuma yana da wuyar yayewa: na sha ganin tsofaffin ɗalibaina a ƙaramar sakandare har yanzu suna buɗe kowane rubutu da "a ganina" suna rufewa da "saboda haka", ko da wasiƙar neman izini ce.

Maganar harshe ta ratsa duka hanyoyin biyu, kuma ita ce takan yanke hukunci a ɓoye. Manufar ilimi ta ƙasa ta daɗe tana cewa a koyar da harshen uwa a shekaru ukun farko na firamare, daga aji huɗu a koma Turanci. A ƙarshen 2022, lokacin minista Adamu Adamu, gwamnatin tarayya ta amince a kai harshen uwa har aji shida, sai kuma a Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan a koma Turanci. Takarda dai tana ta juyawa, amma yaron da ke gabanka bai sauya ba: da Hausa yake tunani. In ka tilasta muhawara da Turanci a ajin gwamnati na gari irin namu, yara huɗu ne za su yi magana, su ma abin da suka iya faɗa za su faɗa, ba abin da suke nufi ba. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, ya nuna ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Ni abin da na gani a ajina bai saɓa da haka ba. Don haka muhawara tana son Hausa. Ƙwarangwal kuwa a nan yake cin kasuwarsa, domin idan rubutun da Turanci za a yi, farkon jimlolin da ka ba yaro su ne gadar da zai taka ya haye da tunanin da ya riga ya yi da harshensa.

To wanne za a ɗauka? Ka ba yaranka maudu'i ɗaya da ya shafe su, ka saurare su minti biyar, sannan ka sa su rubuta layi biyar. In bakinsu ya cika amma takarda ta bushe, ƙwarangwal suke buƙata, kuma yau ɗin nan. In kuwa rubutun ya fito tsaf amma fanko, kamar littattafan da malamar nan ta kawo min, ƙara musu tsari ƙara musu cuta ne, abin faɗa suka rasa, sai a tashe su tsaye. 'Yan aji huɗu galibi sun fi jingina da ƙwarangwal, jimla huɗu ma nasara ce. 'Yan aji shida ya kamata a ce an fara zare musu shi: wannan mako ka goge "dalilina shi ne" su nemo tasu kalmar, mako na gaba ka bar allo fari. Idan kuma aka ce lallai ɗaya tak zan riƙe shekara guda, muhawarar zan riƙe, domin yaron da ke da abin faɗa ana iya koya masa tsari a mako biyu, amma wanda ya saba cike gurbi da iska sai an yi zango ana fama kafin ya yarda cewa bai ce komai ba.

Abin da na ba malamar shawara shi ne ta jefar da maganar makarantar kwana, ta tambayi yaran abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. Suka ce lokacin tara ya yi kaɗan, kafin a samu layin mai awara ya motsa an kaɗa ƙararrawa. Ranar farko ta raba su taga da ƙofa, da Hausa, ita kuma tana tsaye tana rubuta kowane dalili a allo da 'yan kalmomi, don kada iska ta kwashe. Ta hana a goge allon. Kafin a tashi ta sa kowa ya juya ga na kusa da shi ya faɗa masa dalili ɗaya na ɓangaren da bai yarda da shi ba, ta haka masu kunya ma suka buɗe baki. Kwana uku monita yana ƙirga yaran da ƙararrawa ke riska ba su sayi komai ba, tunda gani ya kori ji. Sai a rana ta biyar ta kawo ƙwarangwal, amma da ƙarin layi ɗaya kafin na ƙarshe: "Wani zai ce…, amma…". Kuma ba insha'i ta ce su rubuta ba, wasiƙa ce zuwa ga hedimasta, wadda za a zaɓi uku a kai masa da gaske.

Ba duka ne suka yi kyau ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun kwafe dalilan allo yadda suke, wasu kuma layin "wani zai ce" ya rikita su har suka koma goyon bayan wancan ɓangaren ba su sani ba. Amma ta kawo min ɗaya daga bencin baya, rubutun duk ya karkace, babu aya ko ɗaya. Yaron ya rubuta cewa wani zai ce in aka ƙara lokacin tara za a rage na karatu, amma shi ya lura darasin da ke biye da tara ba ya shiga kansa in bai ci komai ba, don haka lokacin ma da ma a banza yake tafiya.

Hedimasta ya karanta ukun a gaban taron safe. Bai ƙara ko minti ɗaya ba. Ya dai sa an ce wa masu sayar da abinci su riƙa yin layi biyu, kuma ya ce 'yan aji biyar su sake rubuto masa bayan wata guda su faɗa masa ko hakan ya wadatar. Monita ya riga ya ja layi a bayan littafinsa don sabon ƙirge.